Kyanwar Da Ba Ta Iya Zama Ita Kaɗai



Wataƙila wasu su yi mamakin yadda kyanwa ta sami shiga taro irin wannan. To, hutun ƙarshen shekara ya gabato, wasunmu kuma za su tafi bautar ƙasa, alhali a ɗakunan hayar da ke kewayen makaranta akwai kyanwoyin da ba su san kowa ba sai mutum ɗaya. Irin wannan kyanwa ita ce mai bin mai ita har ƙofar banɗaki, mai kuka da zarar ya fita, wadda ba ta cin abinci sai yana tsaye a kanta. Wannan na ƙarshe shi ne abin tsoro, domin kyanwa, musamman mai ƙiba, in ta yi 'yan kwanaki ba ta ci ba, kitse yakan taru a hantarta, ciwon kuwa yana kisa.

Da yawanmu mun ɗauka wannan naci ƙauna ce ta yi yawa. A shekarar 1970 da wani abu ana iya yi mana uzuri, amma a 2019 masana a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka sun gwada abin. Sukan sa kyanwa da mai ita a ɗakin da ba ta sani ba na minti biyu, ya fita minti biyu, sa'an nan ya komo. Kimanin kashi 65 cikin 100 sun tarye shi, suka koma yawonsu hankali kwance. Sauran kuwa, wasu suka manne masa, wasu suka guje shi. Wato mannewa alama ce ta rashin natsuwa.

Kyanwar gidajenmu na gargajiya da wuya ta kamu da wannan hali. Tana da tsakar gida da katanga, da rumbu mai ɓeraye, ga hannaye da yawa masu jefa mata abinci. Ta ɗakin ɗalibi kuwa, mutum ɗaya ne abincinta, shi ne wasanta, shi ne duk wani motsi da take gani. Sau da yawa ma an raba ta da uwarta tun tana da mako huɗu ko biyar, alhali ya kamata ta kai kamar mako goma sha biyu.

In halin ya zo farat ɗaya, a fara kai ta wurin likitan dabbobi, domin ciwo, ko kurumtar tsufa, ko lokacin neman muzuru, duk suna kawo yawan kuka. In lafiyarta lau, sai a tsayar mata da lokaci. Kyanwa maharbiya ce ta asuba da magariba, saboda haka a waɗannan lokutan a ɗaura gashin kaza a igiya a ja mata na minti goma, ta bi, ta kama, sa'an nan a ba ta abinci. A zuba wani busasshen abincin a gorar roba da aka huda, ta mirgina ta da kanta. A bar mata kwali na ɓuya, da wurin zama a jikin taga.

Mafi wuya shi ne kukan. Masanin halayyar nan B. F. Skinner ya nuna cewa halin da ake saka wa wani lokaci, a hana wani lokaci, ya fi kowane wuyar bari. Wanda ya yi biris da kuka sau tara, ya tashi a na goma, ya koya mata ta yi goma ke nan. A jira ta yi shiru, ko na ɗan ƙanƙanen lokaci, kafin a shafa ta. A kwanakin farko kukan zai ƙaru kafin ya ragu, nan ne kuma yawancin mutane ke sarewa. Duka da tsawa tsoro kawai suke ƙara mata.

Sai a koya mata fita. A ɗauki makulli, a sa takalmi, a koma a zauna, har waɗannan su daina tayar mata da hankali. A fita minti biyar, gobe rubu'in awa, a komo ba tare da wani biki ba. Kawo mata wata kyanwa ba mu ba da shawararsa kai tsaye ba, don sau da yawa rikicin wuri yake haifarwa.

Wanda zai kula da ita lokacin hutu ya fara ba ta abinci makonni kafin tafiya, mai ita yana nan. In zai yiwu ta zauna inda ta saba, ya riƙa zuwa kullum. In dole ta koma gidansa, a haɗa ta da kwalinta da tsohuwar rigar mai ita. Kulle ta da tarin abinci a tafi kuwa, duk mun san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare.