Daidai Ruwa, Daidai Tsaki: Zaɓen Famfo da Kayan Banɗaki a Gidan Malami

Jawabin da aka gabatar a taron reshe a Gyallesu, Tudun Wadan Zariya



Kwamitin walwala ya ɗora mana nauyin magana a kan abin da ba a cika kawo shi gaban taro ba, wato famfo da kayan banɗaki. Wani zai ce, me ya haɗa ƙungiyar malamai da makewayi? Aljihu ne ya haɗa su. Yawancinmu da adashi da rancen ƙungiyar gama kai muke gini, bulo ɗari biyar bana, kwano bandir biyu baɗi. Kafin a kai ga banɗaki kuɗi sun ƙare, haƙuri ma ya kusa, sai a aiki yaro kasuwa ya kwaso abin da ya fi ƙyalli da araha. Alhali kuwa wannan ɗaki shi ne kowa ke shiga kullum, yaro da tsoho, kuma shi ne ke ci gaba da cin kuɗi kowace rana bayan magina sun tafi. Maganarmu guda ce: ruwan da gida ke samu shi ya kamata ya zaɓa masa kayan banɗakinsa. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Da yawanmu a kwalejin horar da malamai ta nan Gyallesu muka yi karatu, kuma ba mu manta abin da aka nanata mana ba, cewa kafin ka tsara darasi ka san ɗalibanka. Haka ma kafin ka je shagon kayan famfo ka san ruwanka. A Gyallesu da Tudun Wada ruwa na shiga gidajenmu ta hanya huɗu: layin gwamnati, rijiya, burtsatse, da kurar 'yan garuwa. A 2017 aka ƙaddamar da sabuwar matatar ruwa ta Zariya, wadda ke ɗiba daga Kogin Galma, mai iya tace lita miliyan 150 a rana. Amma abin da matata ke iya tacewa daban, abin da ke isowa ƙarshen layi daban, don haka kowane magidanci ya ƙirga kwanakin da nasa layin ke kawowa a mako. Batun rijiya kuma, Zariya a kan dutse take zaune, duwatsun Kufena shaida ne ga abin da ke ƙarƙashin ƙafafunmu. Ruwan rijiyoyinmu yana kwance ne a ƙasar da ke saman dutsen, shi ya sa yake ja da baya a watannin Maris da Afrilu, ya kuma zo da yashi da laka idan an matsa masa. Ruwan da gida ke samu a tsakiyar bazara shi ne ma'auni. Na watan Agusta ruɗin mutum yake yi.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki lita 20 ga kowane mutum a rana a matsayin mafi ƙanƙantar abin da zai ishe shi sha da girki da ɗan tsafta, lita 50 kuwa kafin a ce wanka da wanki sun samu. Gidan mutum takwas ke nan yana neman lita 400, wato jarka 16 masu cin lita 25. Mu riƙe wannan lissafi, da shi za mu auna sauran.

Abu na farko da za a auna shi ne masai, domin shi ya fi komai shan ruwa. Masan zama irin na da yana zubar da lita 9 zuwa sama duk lokacin da aka ja shi. Na zamani yana cin lita 6, mai maɓalli biyu kuma yana da na lita 6 da na lita 3. Masan tsuguno da ake kora shi da bokiti lita 2 zuwa 3 sun ishe shi. To, idan mutum takwas suka shiga sau uku uku a rana, an kora sau 24 ke nan. Mai lita 9 ya sha lita 216, fiye da rabin ruwan gidan. Mai lita 3 ya sha 72. Tsakaninsu akwai kusan jarka shida a kowace rana ta Allah. Gidan da ke sayen ruwa a wajen 'yan garuwa, idan ya kafa masai mai lita 9, ya ƙara wa kansa baki guda da zai ciyar, kuma ƙarshensa a rufe ɗakin a koma tsohuwar shadda. Ko wanne iri aka zaɓa, a tabbata yana da lanƙwasar nan da ke riƙe ruwa a wuyansa, domin ita ce ke hana wari da ƙudaje dawowa. A kuma duba kafin a biya: wani masan ta ƙasa yake fitarwa, wani ta bango, kuma dole ya dace da inda aka binne bututun nan mai inci 4.

Abu na biyu shi ne ƙarfin ruwa, wanda malaman kimiyya a cikinmu ke koya wa ɗalibai. Ruwan da ke saukowa daga tanki yana samun ƙarfinsa ne daga tsawon da ke tsakanin tankin da bakin famfo. Kowace mita 10 tana ba da ma'aunin ƙarfi guda, wanda masu kayan ke rubutawa da sunan bar a jikin kwali. Idan tankinmu yana kan ƙarfe mai mita 4, kan shawa kuma yana mita 2 daga ƙasa, abin da ya rage mita 2 ne, wato kashi ɗaya cikin biyar na ma'aunin. Da yawa daga shawa masu faɗin faifai da famfunan da ke haɗa ruwan zafi da na sanyi an ƙera su ne don biranen Turai da Sin, inda ruwan layi ke zuwa da ƙarfi dare da rana. Idan aka ɗaura su a ƙarƙashin ɗan tankinmu, sai su riƙa ɗiga kamar rufin da ya huje. Mai gajeren tanki ya nemi ƙaramin kan shawa mai manyan huji, wanda ake iya kwancewa a wanke, ya sauko da ruwa daga tanki ta bututu mai inci ɗaya ko uku bisa huɗu, sa'an nan ya rage zuwa rabin inci a kusa da famfo. Ya kuma bar famfo guda ƙasa da shawar, daidai tsawon da bokiti zai shiga, domin ranar da ruwa ya yi ƙasa a tanki, shi ne zai fitar da gidan kunya.

Abu na uku shi ne kan famfon kansa. A shago duk ƙyalli suke yi, domin duk an shafe su da farin fenti na ƙarfe iri ɗaya. Bambancin yana ciki. Na tagulla yana da nauyi a hannu, kuma idan ka leƙa cikin zarensa za ka ga launin rawaya. Na tutiya ba shi da nauyi, cikinsa toka-toka ne, kuma shi ne ke karyewa daidai wuya ya bar guntunsa a cikin bango, sai an fasa tayil kafin a ciro shi. Na roba ba ya tsatsa, ba ya kuma jan hankalin ɓarawo, amma rana tana gasa shi har ya tsage, don haka wurinsa inuwa. Ta fuskar rufewa kuma iri biyu ne. Akwai na murɗawa, mai 'yar washa ta roba a ciki, wadda idan ta cinye ana canza ta da kuɗi kaɗan. Akwai na juyi guda, mai faifan tangaran a ciki, wanda ya fi sauƙi ga yaro da tsoho, amma yashi abokin gabansa ne, ƙwaya ɗaya tana iya karce shi ya fara yoyo. Wanda ruwansa na rijiya ne ko burtsatse mai yashi, ko dai ya tsaya ga na murɗawa, ko ya sa matata a bakin tanki. Tambayar da ta fi muhimmanci a gaban mai shago ita ce: idan cikinsa ya lalace, ana samun madadinsa a Tudun Wada ko Sabon Gari, ko sai an aika Ƙofar Ruwa a Kano? Kayan da ba a samun 'ya'yansa a kusa, ranar da ya lalace ranar ya mutu.

Kada mu raina ɗigo. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙiyasta cewa famfon da ke ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa yana zubar da fiye da galan 3,000 a shekara, wato sama da lita 11,000. A ma'auninmu jarka 440 ke nan, fiye da jarka guda kowace rana. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma tanki kan ƙare. Saboda haka a sa makulli a gindin tanki, a sa wani a mashigar banɗaki, a sa ƙarami a bayan masai da ƙarƙashin kwanon wanke hannu, yadda idan abu guda ya lalace za a rufe shi kaɗai, sauran gida su ci gaba da samun ruwa. Bututun da za a binne a bango kuwa, na ƙarfe yana tsatsa daga ciki har ya toshe; na roba mai kauri ya fi dacewa da mu. Kafin a shafe bango da siminti, a cika tanki a bar ruwa ya kwana a cikin bututun, a ga ko akwai inda ya jiƙe. Kwana guda na jira ya fi fasa bango bayan shekara.

Abu na huɗu shi ne shekaru. Gidan da muke ginawa muna da shekara arba'in da wani abu, a cikinsa za mu ci fanshonmu in Allah ya kai mu, kuma da yawanmu iyayenmu suna tare da mu tun yanzu. Gwiwar da ke tsugunawa yau ba za ta yarda ba nan da shekara ashirin. Inda hali ya samu, a yi masai biyu: na tsuguno a tsakar gida don yara da baƙi, na zama mai lita 6 a ciki don tsofaffi da marasa lafiya da mata masu juna biyu. A kafa ƙarfen dafawa a bango kusa da shi. Tayil ɗin ƙasa ya zama mai kaushi. A zuba masa ruwa a shago a goga hannu a ji. Mai santsi kyansa a bango. Ƙasan ɗakin ya gangara zuwa rariya da kamar santimita 1 zuwa 2 a kowace mita, don kada ruwa ya kwanta ya haifi gansakuka da sauro. Karayar ƙugu ga dattijo tana iya cinye abin da ya tara a shekara talatin da biyar na aiki.

Ga waɗanda ke salla a cikinmu, a tuna da alƙibla tun ranar da ake fitar da harsashi, yadda mai zama ba zai fuskance ta ko ya ba ta baya ba. A kuma ware wurin alwala a wajen makewayi, da ɗan dakali da famfo daidai gwiwa. Buta ba ta tsufa ba: lita ɗaya ko biyu take ci, famfon da aka bari a buɗe kuwa yana iya zubar da ninkin haka kafin a kai ga wanke ƙafa.

Abu na biyar, wanda ya fi sauran nauyi, shi ne inda ƙazanta ke tafiya. Masana lafiya suna ba da shawarar a bar kamar mita 30 tsakanin sokawe da rijiya. Filayenmu kuwa ƙafa 50 ne a faɗi, wato kusan mita 15, don haka sokawenka yana iya zama maƙwabcin rijiyar wani ta bayan katanga. Wannan magana sai da maƙwabta: a zauna a san inda kowa ya haƙa tasa, a shafe ramin farko da siminti sosai, a ɗaga bakin rijiya a yi mata murfi, a tafasa ruwan sha ko a sa masa magani. A 2021 cutar kwalara ta kama sama da mutum 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma jihohin Arewa ne suka fi jin jiki. Mu da muke koya wa yara wanke hannu a aji, ya kamata a ce a ƙofar kowane makewayi na gidajenmu akwai famfo ko buta da sabulu, daidai tsawon da hannun ɗan shekara biyar zai kai.

Idan ranar saye ta zo, a je da mai gyaran famfon da zai yi aikin, amma maigida ko uwargida su riƙe kuɗin da kansu. A ɗaga kaya a ji nauyinsa, a buɗe kwali a ƙirga abin da ke ciki, a nemi tambarin hukumar SON mai kula da ingancin kayayyaki, a karɓi rasit mai sunan shago. Idan kuɗi ba su kai ba, a fara da abin da za a binne, wato bututu da makulli da sokawe, a saye masu kyau. Madubi da kwanon wanke hannu mai ado suna iya jiran adashi na gaba. Famfon tagulla biyu sun fi na tutiya biyar, domin sayen nagari mai da kuɗi gida ne.

A ƙarshe, muna da roƙo biyu ga shugabannin reshe. Na farko, kwamitin walwala ya tattara sunayen masu gyaran famfo da 'yan uwa suka gwada suka yaba da aikinsu, a ajiye a ofishin reshe don mai bukata. Na biyu, ƙungiyar gama kai ta duba yiwuwar haɗa masu gini a kowane zango su sayi bututu da famfo a sari, a raba, a cire kuɗin a hankali. Mu kuma namu aikin, kowa in ya koma gida ya rufe duk famfunansa da dare, ya sa alama a jikin tanki, da safe ya duba. Idan ruwan ya sauka, akwai inda albashinsa ke zurarewa, ya neme shi tun a wannan mako.

Allah ya ba mai gini ikon gamawa, ya ba mai haya nasa, ya sa mu ci fanshonmu da lafiya.