Amsar Wasiƙunku: Batirin Mota Mai Lantarki

Wasiƙarmu ta yau daga Goronyo ta fito, daga wani Alhaji mai fataucin albasa. Ya ce tun da aka janye tallafin man fetur a 2023 sufuri ke cinye masa riba. Ga shi an yi masa tayin Nissan Leaf 'yar Kwatano mai aiki da lantarki, da araha, sai dai batirinta ya yi sanyi. Ya saya ya canja batir?

To Alhaji, a yi hattara, araha ba ta ado. A irin wannan mota batir shi ne abu mafi tsada, wani lokaci kuɗin sabo ya fi na tsohuwar motar. Kuma batirin tsohuwar Leaf ba shi da ruwan sanyaya shi, ga zafin Sakkwato yakan wuce digiri 40 a Afrilu. Zafi kuwa shi ke tsufar da batir.

Kafin ka biya, duba allon gaban direba. Layuka 12 ne ke nuna lafiyar batir. In sun ragu zuwa 8, wajen kashi ɗaya cikin uku na ƙarfinsa ya tafi. Sannan ka san inda za ka samu wani batirin da kuɗinsa, kada ka yi cinikin biri a sama.

Kada kuma ka bari mai cajin batir na bakin kasuwa ya buɗe shi. Wutar ciki ta haura bolt 300, tana kisa nan take.

Allah ya ba da kasuwa, Alhaji. A gai da mutanen bakin dam.