Buri Ba Ya Cika Sai An Yi Masa Lissafi: Jawabi Ga 'Yan Arewa Mazauna Kurmi



Kusan duk wanda ya baro gida ya zo Kurmi, da niyyar shekara biyu ko uku ya zo. Wani sadaki yake nema, wani kuɗin gona, wani jarin buɗe shago. Amma ga shi a Sabo ta Badun, wadda aka kafa tun 1916, akwai zuriyar mutanen da suka zo fataucin goro da shanu, har yau ba su koma ba. Zama ba laifi ba ne. Laifin shi ne mutum ya kwana ashirin a Agege ko Shagamu, shekarun kuma su zama ashirin, bai san abin da ya tara ba, bai kuma tuna abin da ya fito nema ba.

Maganin wannan kuwa ɗan littafi ne da alƙalami. Wanda bai yi boko ba ya rubuta da ajami. Wanda bai iya ko ɗaya ba ya sami amintacce ya rubuta masa.

Abu uku ya kamata a sa a shafin farko. Na ɗaya, burin kansa, a faɗe shi sarai, watau fili a garinsu, ko kuɗin makarantar 'ya'ya, ko kujerar Makka. Na biyu, nawa zai ci. Na uku, wace shekara ake son a gama. Daga nan sai a raba kuɗin bisa watanni, a ga abin da ya wajaba a ajiye, ko a adashi ko a banki. In lissafin ya ƙi, to, a rage burin ko a ƙara wa'adin, kada a yaudari kai.

Har ila yau, lalle ne a bar shafi guda saboda ranar tsautsayi. A Fabrairun 2021 rikicin kasuwar Shasha a Badun ya cinye dukiyar 'yan kasuwa da yawa. A Yunin 2022 kuma gwamnatin Ikko ta hana acaba a ƙananan hukumomi 6, har da Ikeja da Apapa. Wanda duk burinsa yake rataye a kan babur ɗaya, ranar nan ya wayi gari hannu rabbana. Saboda haka a rubuta sana'a ta biyu da za a koya, a kuma rubuta bashin da ake bi da wanda ake binsa, da shaidu, don kada iyali su rasa hakkinsu in ta Allah ta kasance.

A ƙarshe, a riƙa buɗe littafin nan kowane ƙarshen wata, a duba inda aka kwana. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, amma sai ga wanda ya san inda ya dosa.

Allah ya sa a koma gida da abin da aka fito nema. Wassalam.