Cefane Da Ɗan Abin Da Ke Aljihu: Jawabi Ga Sababbin Ɗalibanmu Na Greensboro

Shugabannin ƙungiya, iyayenmu da suka halarta, ƙannena ɗalibai na A&T da UNCG da sauran makarantun garin nan, barkanmu da wannan rana.

An ce in yi magana a kan cefane. Wani zai ce, a taro irin wannan sai maganar tukunya? To ai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ɗalibin da ya zo da bizar karatu, awa 20 kawai doka ta ba shi ya yi aiki a mako idan ana zangon karatu, tallafin abinci na gwamnati kuma ba ya cikin masu samu. Daga ɗan abin nan zai biya haya, ga na gida suna jira. Abin da ake fara tsukewa shi ne ciki. Sai a koma taliyar leda da lemon gwangwani, wanda guda ɗaya kan ɗauki sukari kusan ƙaramin cokali 10. Yau ka ga kamar ka yi arha, gobe hawan jini da ciwon suga su zo karɓar bashi, kuma kun san kuɗin asibiti a Amurka.

Kada ku ɗauka matsalar tamu ce mu kaɗai. A 2015 wani rahoto ya sa Greensboro da High Point a sahun farko na biranen ƙasar nan wajen wahalar samun abinci. Saboda haka babu abin kunya.

Abin da nake so ku riƙe shi ne, abincin da muka tashi da shi a Kano da Maradi da Sakkwato yana cikin mafi arha da gina jiki a nan. Waken da muke ci da shinkafa, shi ne mutanen kudancin Amurka ke dafawa ranar sabuwar shekara, kuma daga Afirka ya zo musu zamanin cinikin bayi. Ku sayi busasshe a leda, ya fi na gwangwani arha, ba shi da gishirin da ake zuba wa wancan. Dankalin Hausa kuwa, babu jihar da ta kai North Carolina noma shi a duk Amurka. Da kaka ta yi zai cika kantuna. Ga kabeji, ga ƙwai, ga kifin gwangwani. Alayyafo da kuɓewa na cikin firiza suna yin miya sarai, kuma ba sa ruɓewa kafin ka gama jarrabawa. Niƙaƙƙiyar gyaɗar kwalba tana yin miya da kunu, sai dai ku juya kwalbar ku karanta, ku zaɓi wadda gyaɗa ce da gishiri kawai.

Sai inda za a saya. Kayan yau da kullum, Aldi da Lidl da Food Lion da Walmart, kuma ku riƙa ɗaukar wanda ke da sunan kantin, don bambancin sau da yawa a kwali yake. Kayan ƙamshi da buhun shinkafa da manja, ku leƙa Super G Mart a titin West Market. Ranar Asabar da safe kasuwar manoma tana ci a titin Yanceyville. A duk inda kuka shiga, kada babban farashi ya ruɗe ku. A jikin kanta akwai ƙaramin rubutu mai nuna kuɗin kowane awo, shi ne zai gaya muku gaskiya tsakanin babbar leda da ƙarama. Ku rubuta abin da za ku saya tun daga ɗaki, kuma don Allah kada ku shiga kanti da yunwa.

Nama shi ne mai cin kuɗi, musamman na halal. A nan hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku haɗu ku huɗu ko biyar, ku sayi mai yawa ku raba, kowa ya sa a firiza. Haka buhun shinkafa. Mai mota ya ɗauki marasa mota. Ranar Lahadi a yi tukunyar miya babba, a ƙuƙƙulla ta mako. Samari, da ku nake, babu wata Inna da za ta aiko muku da kwano a nan.

Idan kuma wata ya yi nisa aljihu ya bushe, UNCG na da Spartan Open Pantry, A&T na da Aggie Source, inda ɗalibi ke karɓar kayan abinci kyauta. Don ku aka buɗe su. Wanda ya ji nauyin zuwa shi kaɗai, ya kira ɗaya daga cikinmu mu raka shi. Kada mu bari ɗan uwanmu ya kwana da yunwa a garin nan alhali muna da lambar wayarsa.

Allah ya ba ku lafiya da ilimi mai amfani, ya sa albarka a ɗan abin da kuke samu.