Renon Tagwaye a Makonnin Farko

A Mararaban Rido da ke Ƙaramar Hukumar Chikun, kamar sauran sassan kudancin Kaduna, murnar samun Hassan da Husaini kan zo da aiki ninki biyu, domin tagwaye sukan iso kafin wata tara ya cika, kuma da yawansu ba sa kai kilo 2.5, wato ma'aunin da likitoci ke ɗaukar jaririn da bai kai shi ba a matsayin mai ƙarancin nauyi. Irin wannan jariri sanyi ne babban abokin gabarsa, musamman da hunturu, shi ya sa ake ba da shawarar a manna shi a ƙirjin uwa fata da fata a rufe su da zane, dabarar da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, wadda uba ko kaka ma za su iya yi wa ɗayan yayin da uwa ke shayarwa.

Nonon uwa ɗaya yana isar biyu, tunda yawan tsotso ne ke ƙara shi, sai dai mai jego na bukatar abinci da mataimakiya fiye da taron 'yan barka. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko idonsa ya yi rawaya, asibiti ya kamata a kai shi ranar.