HAYAƘIN ƘUNAR DAJI DA ISKAR ƊAKI

Jawabi ga Hakimai da malamansu a Tsohon Birnin Gwari



Maganar da ta tara mu yau maganar hayaƙi ce. Kun sani tun daga watan Nuwamba, da ruwa ya ɗauke ciyawa ta bushe, har zuwa watan Maris, ƙasar nan ba ta rabuwa da wuta. Mafarauci ya kan sa wa daji wuta don ya kori gafiya da zomo, makiyayi don ya sami sabon tsiro, manomi don ya share saura, mai cin zuma kuwa ya yar da bakin wuta ya wuce abinsa. Dajin da Allah ya ba mu kuma ba ƙarami ba ne. Gandun Kamuku kaɗai, wanda aka keɓe a 1936 zamanin En'e, aka kuma mai da shi gandun Gwamnatin Tarayya a 1999, ya fi murabba'in kilomita 1,000, ga dajin Kuyambana ya haɗe da shi ta wajen Zamfara. In wuta ta kama irin wannan sarari, hayaƙinta ba ya tsayawa a dawa, sai ya biyo mutane har gado.

ABIN DA KE CIKIN HAYAƘI

Tokar da ido ke gani ba ita ce abar tsoro ba, gama hanci yana tare yawancinta. Abin tsoro shi ne waɗansu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda sai an jera kamar 30 kafin su kai kaurin gashin kai guda. Su ne ke wuce maƙogwaro su shiga can cikin huhu, har waɗansu su ratsa cikin jini. Da hunturu kuma suna gamuwa da hazon da iska ke kwasowa daga kwarin Bodele a ƙasar Cadi, nauyi ya zama biyu. Waɗanda abin ya fi ci su ne jarirai, da tsofaffi, da mata masu juna biyu, da masu asma ko tarin fuka ko ciwon zuciya.

Hayaƙi kuwa yana da nisan tafiya. A watan Yuni na 2023 hayaƙin gobarar dazuzzukan Kanada ya ci mil ɗaruruwa ya rufe birnin New York na Amurka, sama ta yi jawur, hukuma ta ce wa mutane su zauna cikin gida. To, balle mu da daji ke bayan ganuwa? In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

INDA HAƊARI YA KE

Ga abin da na fi so ku riƙe. Lokacin ƙuna shi ne lokacin sanyi. Mutum ya rufe ƙofa da taga don gudun hayaƙin waje, sa'an nan ya jawo kaskon gawayi don jin ɗumi, ya kunna maganin sauro, uwargida ta zuba turaren wuta. An yi gudun gara an faɗa gidan zago ke nan. Kakanninmu sun hura wuta a ɗakin ciyawa, hayaƙi yana samun mafita ta jinka. Ɗakin kwano da siminti mai rufi ba haka ya ke ba, abin da ya shiga sai ya zauna.

Gawayi da injin janareta suna fid da wata iska mai guba, wadda masana ke kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari. Farkonta ciwon kai da jiri da tashin zuciya, sa'an nan barci mai nauyi, wanda sau da yawa ba a farkawa daga gare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2 a shekarar 2020. Saboda haka ƙa'idar ita ce: a rufe wa hayaƙin waje ƙofa, kada kuma a yi wani a ciki.

ABIN DA MAIGIDA ZAI YI

1. Ya san lokacin rufewa da na buɗewa. Da dare da asuba iska mai sanyi ta kan kwanta ƙasa ta danne hayaƙi, musamman a fadamu da kwarin kogin Mariga. Nan ne za a rufe. Da hantsi ya yi rana ta ɗaga, in sama ta washe, sai a buɗe ƙofa da taga ɗaki ya sha iska.

2. Ya zaɓi ɗaki guda wanda ya fi rufuwa, nesa da madafa, ya toshe ƙarƙashin ƙofa da ɓarakar taga da jiƙaƙƙen tsumma. Ran da hayaƙi ya yi yawa, nan za a ajiye yara da tsofaffi da marasa lafiya. Ba a shan taba a ciki, ba turare, ba fitilar aci-bal-bal.

3. Kada a kwana da kasko a rufaffen ɗaki. A ji ɗumi a tsakar gida ko a zaure mai buɗaɗɗiyar ƙofa, in za a kwanta a bar wuta waje, a ƙara bargo. Ɗakin mai jego ma haka, gama huhun jariri ba ya ɗaukar abin da na babba ke ɗauka. Ga sauro kuwa, gidan sauro ya fi abin kunnawa.

4. A yi girki a fili ko a madafa mai mafitar hayaƙi, da busasshen ice. Ɗanyen ice hayaƙinsa ya fi wutarsa. Mai goyo ta sauke ɗanta kafin ta durƙusa gaban murhu.

5. Janareta ya tsaya a fili, nesa da taga. Kada a sa shi a zaure ko a lungun ɗaki don tsoron ɓarawo.

6. A yayyafa ruwa kafin shara, a goge kaya da ɗanyen tsumma, kada tokar da ta kwanta ta sake tashi.

7. Wanda fita ta zama masa tilas, ya sani rawani ko ƙyalle toka kaɗai ya ke tarewa. Takunkumi irin N95, in ya kama fuska sosai, shi ne ke tare ƙananan ƙwayoyin nan.

In an tarad da mutum ya galabaita a ɗakin da aka kwana da wuta, a buɗe ƙofa, a fid da shi fili nan da nan, a kai shi asibiti. Haka kuma yaron da numfashinsa ke sauri ko ƙirjinsa ke lotsawa, kada a jira gari ya waye.

ABIN DA KE WUYANKU

Talaka ba ya jin wannan magana sai ta bakin shugabansa. Ku tara Dagatai da masu unguwanni tun kafin a gama girbi, ku roƙi limamai su faɗa ran Jumma'a, sanƙira ya kewaya ran kasuwa, ungozomomi su kai ta cikin gidaje. Ku kira sarkin dawa da Arɗo ku yi shawara da malaman daji. In ƙuna ta zama tilas, a yi ta da wuri tun ciyawa na da sauran laima, a share layi kewaye da gari da rumbuna, a kuma sanad da jama'a ranar. Ku tuna musu tun 2011 akwai dokar Gwamnatin Tarayya a kan ƙunar daji.

Ku kuwa malamai, ku buɗe littafi: ran da wuta ta tashi, da wurin, da gidajen da aka yi ciwo. Da wannan lissafi ne Masarauta da Ƙaramar Hukuma za su san inda za a fara baɗi.

Rigakafi ya fi magani. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.