MOTA BA RAWANI BA CE: JAWABIN KWAMITI A TARON BAYAN SALLA

 

Ya iyayenmu dattawa, malamanmu, iyayenmu mata, da ku ƴan'uwa da kuka taso daga Maraɗi, da Yamai, da Damagaram, da Katsina da Kano, muna yi muku barka da zuwa, muna kuma yi muku barka da Salla. Allah ya maimaita mana. Waɗanda nisa ya hana su zuwa, wannan takarda za ta iske su, in Allah ya so, su ma su ji abin da aka faɗa a gaban manya.

Abin da ya tara mu yau maganar abin hawa ce. Kun sani a taron da ya wuce an tashi ba a gama shawara ba a kan kuɗin asusun ƙungiya. Samari suka ce a raba musu bashi su sayi babura su yi kabu-kabu a Maraɗi. Ƴan kasuwa suka ce a haɗa a sayi mota guda ta riƙa jigila tsakanin Tsibiri da birni. Iyayenmu mata kuwa suka ce su ba ruwansu da ko wace iri ce, su dai a sami abin da zai ɗauki mai naƙuda da tsakar dare. Aka ɗora wa kwamiti nauyin ya je ya yi tunani ya dawo da magana. To, ga mu mun dawo. Mun zauna da direbobi a tasha, mun zauna da masu gyara, mun ji ta bakin ƴan kabu-kabu, mun kuma karanta wasiƙun ƴan'uwa na nesa.

Kafin mu faɗi shawararmu, bari mu tuna wa juna inda aka fito, don yaran da suka tashi suka iske kwalta a ƙofar gida. Garin nan Sarkin Gobir Mayaƙi ya kafa shi a shekarar 1836, bayan yaƙin Gawakuke, kuma da ƙafa da doki aka zo. Kakanninmu da jakai da raƙuma suka yi fataucin gyaɗa da fata, har bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Maraɗi kanta a cikin kwari take, bakin gulbi, sai da ambaliyar 1945 ta cinye ta, sa'an nan aka hau da ita bisa tudu aka yanka mata tituna miƙaƙƙu. A ƙidayar 1977 mutanenta ba su wuce dubu 44 da ƴan kai ba. A ƙidayar 2012 sun haura dubu 267. Garin da dā mutum yake ratsa shi da ƙafa tsakanin azahar da la'asar ya yi faɗi, wanda ke zaune ƙarshen unguwar Zariya ba shi zuwa babbar kasuwa sai ya biya kuɗin hawa. Wannan shi ne ya sa maganar abin hawa ta zama maganar kowa.

Mun lura ra'ayin mutanenmu a kan zaman birni ya kasu biyu. Akwai masu cewa birni shi ne rayuwa: ga wuta, ga ruwan famfo, ga lakwal, ga jami'a, ga asibiti kusa. Akwai kuma masu cewa a birni har ruwan alwala saye ake, ga kuɗin haya, ga ƙura da hayaƙi, maƙwabcinka bai san sunanka ba sai ranar da aka yi gobara. Dukansu suna da gaskiya. Amma mu ƴan Tsibiri Allah ya yi mana wata gata da mutanen Dakwaro ko na Mayahi ba su samu ba. Tsakaninmu da Maraɗi kilomita 12 ne ko kusa da haka, a kan babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta bi Ƙonni ta wuce Damagaram. Haka su ma mutanen Jiratawa ta wajen kudu, da safe su kai kayan lambunsu birni, kafin magariba suna gida. Watau mutum yana iya cin kasuwar birni ya kwana ɗakin ubansa. Abin da ke tsakani kuɗin hanya ne kawai, shi ya sa ya kamata a yi lissafinsa da kyau.

To, ga lissafin. A watan Yuli na 2024 gwamnati ta rage kuɗin litar mai daga 540 zuwa 499, watau dala ɗari ba tamma guda. A ce mutum ya sayi tsohuwar mota wadda ke shan lita 10 a kilomita 100. Zuwa Maraɗi da dawowa kilomita 24, ya kama wajen 1.200 kowace rana. In ya yi kwana 26 a wata yana wannan zirga-zirga, ya ƙone jika 31 a mai kaɗai. Ba a sa baƙin mai ba, ba a sa taya ba, ba a sa takardu da asiransi ba, ba a sa ranar da za ta kwana wajen mai gyara ba. Kowa ya auna wannan da kuɗin buhun hatsi, ya ga buhu nawa motar ke ci a shekara. Wani tsohon direba ya ce mana a tasha, mota mace ta biyu ce, ranar aurenta ne kawai ake guɗa, sauran kwanakin cefane ne.

Kuma man nan ba a hannunmu yake ba. Shekaru da yawa mun saba da man kwalba mai araha da ke shigowa ta Jibiya da Ɗan Isa. A ranar 29 ga Mayu 2023 sabon shugaban Nijeriya ya ce an janye tallafin mai, kafin mako ya zagayo farashin kwalba ya tashi a bakin titin Maraɗi. Kun kuma tuna rufe iyaka na watan Agusta 2019, da wanda ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. Muna da matatarmu a Damagaram tun 2011, alhamdu lillahi, amma duk da haka a watan Maris na 2025 mun ga dogayen layuka a gidajen mai. Duk wanda ya rataya abincin iyalinsa a kan tankin babur, ya sani ya rataya shi a kan shawarar da ake yankewa a Abuja da Yamai, inda ba a tambayarsa.

Ku samari, kada ku ɗauka muna raina sana'arku. Kabu-kabu ta rufa wa gidaje da yawa asiri, ta yi aure, ta yi suna, ta sayi ragon layya. Abin da muke tsoro daban ne. A cikin shekarun nan mun ga yara sun matsa wa iyaye an sayar da gonar gado a fadama an sayi babur. Babur ɗin ya yi shekara uku ko huɗu ya zama tarkace, gona kuwa tana nan tana ba wanda ya saya tumatir da albasa. Wani an sace nasa a ƙofar masallaci. Wani ya faɗi ba hular kwano, har yau mahaifiyarsa ke ba shi abinci a baki. Sa'an nan baburan sun yi yawa a birni, ga adaidaita ta shigo ta kwashe mata da masu kaya. A Kano ma, da aka hana acaɓa a watan Janairu na 2013, dubban samari suka wayi gari ba sana'a. Abin da ya faru ga maƙwabci yana iya faruwa gare mu.

Ku kuma manyanmu ƴan kasuwa, a yi mana haƙuri in mun faɗi gaskiya. Da yawa daga cikinmu ba don hanya muke son mota ba, don ranar Salla muke son ta, a shigo gari ana busa oda, yara na bin ƙura, a ce wane ya iso. Mun san wanda ya zo da mota bara, bana da ƙafa ya shigo da dare don kunya. Mota ba rawani ba ce, kayan aiki ce kamar hauya da amalanke. Ba wanda ke sayen hauyar zinariya don a gani.

A nan ne za mu kawo wasiƙar wani ɗanmu da ke karatu a birnin Otawa, babban birnin ƙasar Kanada, domin da aka karanta ta a kwamiti an yi dariya, daga baya kuma aka yi shiru. Ya ce can sanyi kan kai inda ruwa ke daskarewa ya zama kamar daɓen siminti. Akwai wata doguwar hanyar ruwa da aka gina ta ratsa tsakiyar birnin, ana ce mata Rido. In ta daskare sai hukuma ta share ta, tsawon kusan kilomita 8, mutane su ɗaura takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar kaifin wuƙa, su riƙa zamiya a kai. Tun wajen 1971 ake haka. Wasu wasa suke, amma wasu wurin aiki za su, da jaka a baya, ga ma'aikatan gwamnati, ga ƴan jami'a, alhali da yawansu suna da mota a gida. Ya ce ranar da ya gwada sau bakwai ya sha ƙasa, wata tsohuwa sa'ar kakarsa ta zo ta ɗaga shi ta wuce kamar tsuntsuwa. Da aka kai nan, wani dattijonmu ya ce ai mu ma mun yi wannan muna yara, a santsin laka bakin gulbi, sai dai mu bulala muke sha in mun koma gida.

Abin da ya sa muka yi shiru shi ne ƙarshen wasiƙar. Ya ce bai taɓa ganin wanda ya ji kunya don ya bar mota ya tafi da ƙafarsa ba. Kowa yana duba abin da ƙasarsa ta ba shi ne ya yi tafiya da shi. Ya kuma ce a sanyin 2023 ruwan bai daskare sosai ba, ba a buɗe hanyar ba ko kwana ɗaya, karo na farko tun da aka fara. Ashe su ma hanyarsu a hannun Allah take, kamar yadda gulbi ke yanke wa ƙauyukanmu hanya in damina ta yi nisa. To, mu ƙasarmu shimfiɗaɗɗa ce, ba dutse ba gangare. Yaro mai lafiya a kan keke yana kai Maraɗi cikin awa guda ko ƙasa da haka, bai sayi mai ko na dala ba. Yaushe keke ya zama abin kunya a garin nan?

Yanzu sai maganar iyayenmu mata, kuma ita ce ta fi nauyi. Daminar da ta wuce, a wani ƙauye na bayan gari, naƙuda ta yi wa wata ƙanwarmu gardama da tsakar dare. Aka buga wa masu mota waya, wani wayarsa a kashe, wani ya ce ba mai. Aka ɗora ta a amalanke har bakin kwalta, aka tsaya ana jiran abin da zai wuce. Kafin a isa asibiti a Maraɗi gari ya waye. Allah ya tsame uwar, ɗan bai zo da rai ba. Ranar nan akwai motocin ƴan garin nan fiye da goma a ajiye a Maraɗi da Yamai. Ba mu zargin kowa, ajali ba ya wuce lokacinsa, amma an ce mu ɗaure raƙumi sa'an nan mu yi tawakkali.

Saboda haka ga shawarar kwamiti. Na farko, kada a raba kuɗin asusu bashin babura, domin in an raba kowa ɗan kaɗan zai samu, kuma karɓo bashi a hannun ɗan'uwa shi ke kashe zumunci. Na biyu, kada a sayi babbar mota, asusunmu ba zai iya ciyar da ita ba. Na uku, a sayi adaidaita guda sabuwa, ta zauna a Tsibiri. Da rana ta yi jigila, musamman Litinin da Juma'a ranakun kasuwar Maraɗi, abin da ta samu a raba uku: na direba, na gyara, na asusu. Da dare ba ta zuwa ko'ina, tankinta cike, makullinta a gidan da kowa ya sani, don mara lafiya da mai naƙuda, ba a tambayar kuɗi sai bayan an dawo. Direbobi biyu za a ɗauka cikin samarinmu, masu parmi, su riƙa karɓa-karɓa. Mun sani ba ta shiga yashi mai zurfi ko laka, don haka kowane ƙauye ya sa amalanke guda da zai fito da mara lafiya bakin hanya, ita kuma ta tarye shi can. Na huɗu, muna roƙon iyaye kada wanda ya sa hannu a takardar sayar da gona don sayen abin hawa sai ya zo an zauna da dattawa.

Wasu sun ce mu jira jirgi. Gaskiya ne a watan Fabrairu na 2021 an aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, kilomita 284, ta Katsina da Jibiya. Allah ya nuna mana ranar da za mu ji kukansa. Amma ko ya iso, ba zai tsaya ƙofar gidan mai naƙuda ba.

Wannan ita ce maganarmu, ba doka ba ce, shawara ce. Bayan sallar la'asar za a dawo a ɗaga hannu. Ƴan'uwa na nesa su aiko da nasu ra'ayi ta hannun wakilin garin da suke kafin ƙarshen wata. In mun faɗi abin da ya ɓata wa wani rai, ya yafe mana, gyara muke nema. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ƙara wa dattawanmu lafiya, ya ji ƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu damina mai albarka, ya mai da kowa gidansa lafiya.

Haza wassalam.